Saura mako bakwai ga kwankur, manhaja kuwa ko rabi ban kai ba

*Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗiyarka ce daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram. Na yi lisansi a fannin sosiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma, a Jami'ar Andre Salifu, yanzu ina koyarwa a wata firamare a matsayin ƴar kwantaragi. An buɗe kwankur na ɗaukar ma'aikata, saura mako bakwai a zauna. Manhajar da aka ba mu tana da kanun darasi goma sha huɗu, tun daga tarihin fannin har zuwa zamantakewar birni da karkara, iyali, lafiya, aiki da addini. Bara na zauna irinta na faɗi, alhali babu shafin da ban karanta ba. Bana kuwa ga goyo, ga aji, ga girki, in na samu awa biyu a rana na gode Allah. Wata ƙawata ta ce in huta da wahala, akwai masu sayar da tambayoyin da za su fito ta WhatsApp, jika goma. Maigidana kuma cewa yake in fara daga shafin farko in bi a sannu. Baba, wanne zan ɗauka, wanne zan bari?*

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raya goyo, ya sa albarka a nema.

Bari mu kawar da zancen jika goma tukuna, don ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda yake da tambayoyin gaskiya a hannu ba zai tallata su kamar ƙosai ba. In na ƙarya ne kin yi asarar kuɗin madarar yaro, in kuma na gaskiya ne kin shiga abin da zai iya raba ki da aikin gwamnati har da kwantaragin da kike riƙe da shi, ban da nauyin wanda kika danne wa haƙƙi. Ki gode wa ƙawar taki, ki ce mata Baba ya hana.

Maganar maigida ta fi wannan mutunci nesa ba kusa ba, amma ita ma ba zan bi ta ba, ya yi mani afuwa. Ki ɗauki bik mu yi lissafi. Mako bakwai kwana 49 ne, awa bibbiyu ya kama awa 98. Raba su gida goma sha huɗu: awa bakwai kowane kan darasi. Awa bakwai ta yi wa wasu darussan yawa ƙwarai, ga wasu kuwa ko ƙofarsu ba za ta kai ki ba. Kuma wanda ya fara daga shafin farko yakan ƙarar da ƙarfinsa a tarihin fanni, wane ya haifi wane, wane ya yi wa wane raddi, ranar da zai iso inda maki yake gajiya ta riga ta ci shi.

Jimlar da ta fi tsaya mani a wasiƙarki ita ce “babu shafin da ban karanta ba”. Na yarda da ke, kuma ina zaton nan ne ciwon yake. A jami'a in kin samu goma bisa ashirin kin wuce, ke da duk wanda ya samu goman. Kwankur ba haka take ba, jeri ake yi, a yanke daga sama gwargwadon gurbin da ake da shi. Mai samun maki sha ɗaya a kowane darasi ɗalibi ne nagari, amma gida zai koma. Na taɓa zama cikin masu gyaran takardu, ga tuli a gabanka, ga zafin bazara, fanka ta tsaya don an ɗauke wuta. Takarda talatin a jere duk abu ɗaya suke faɗa, haddar kaye ɗaya ce aka juye. Sai ka ci karo da wadda ta kama tambayar da hannu biyu, ta kawo misali daga ƙasar nan, ta san inda ta dosa. Wallahi har gyara zama kake yi. Wannan takardar nake so ta zama taki, kuma ba yawan shafuka ke kawo ta ba.

Kwana biyun farko kada ki buɗe littafi ko ɗaya. Ki nemi sanarwar kwankur ɗin kanta, ba abin da aka ce an ce ba, ki duba jarrabawa nawa ce, awa nawa ake ba kowace, koyefisiyan nawa ke kanta, wato sau nawa ake ninka makinta, ko akwai makin da in mutum ya gaza shi an fitar da shi kome ƙoƙarinsa a sauran. Sannan ki bi yayyenki da suka riga ki zama, ki tattaro tsofaffin tambayoyi na shekara huɗu ko biyar. Zuwa da kai ya fi aike, ki taka ƙafa har gidajensu, don a baki za su gaya maki abin da ba ya cikin fotokopi.

Sai dai ki san abin da kike nema a tsofaffin tambayoyin nan. Ba duba za ki yi da su ba. Ni na yi wannan wautar ina saurayi. Na lura shekara uku ba a tambayi iyali da aure ba, na ce to bana dole ne, na haddace shi ciki da bai. Na shiga mota daga nan har Yamai, kusan kilomita 900, na isa ƙafafu a kumbure. Aka raba takarda, tambaya ta fito a kan ƙaura daga karkara zuwa birni. Awa huɗu na yi ina jan zancen auren dole da ƙarfin tsiya zuwa tashar mota. Abin da za ki duba shi ne siffar tambayar: disertasiyon ake so, wato doguwar amsa mai gabatarwa da sassa da kammalawa, ko sharhin wani nassi, ko gajerun ma'anoni? Ana cewa “a ƙasarmu” ko “a Afirka” a cikinta? In kin jera su za ki ga kanun suna canzawa, amma kayan aikin da ake amsa su da shi ba ya canzawa.

Ke mai girki ce, kin san ba a raba kuɗin cefane daidai wa daida tsakanin gero da yaji. Geron wannan fanni mutum uku ne, da hanyoyin bincike, da sanin Nijar. Kashi biyu cikin uku na lokacinki nan za su tafi.

Mutum ukun su ne Durkaim, Weba da Marks. Na san kin san sunayensu, kowa ya sani. Tambayar ita ce, za ki iya ɗaukar kowannensu ki haska wani abu da ke faruwa a unguwarku? Ɗauki Emil Durkaim. Cewa ya yi akwai abubuwan da jama'a ke ɗora wa mutum daga waje, su tilasta shi ko da babu ɗan sanda a kansa. Ranar sunan yaronki wata ta kawo maki gudummawa, an rubuta a kaye ko wata gwaggo ta riƙe a ka. Ranar nata bikin za ki iya ƙin mayarwa, har da ƙari? Babu dokar da ta ce dole, amma ki gwada ki ga yadda gari zai yi maki ƙunci. To kin gama fahimtar abin da ya rubuta a 1895 game da ƙa'idojin fannin, kin kuma leƙa aikin ɗan ƴar'uwarsa Marsel Mos a kan kyauta da ramuwarta. A 1897 ya ɗauki abin da kowa ke gani lamari ne na mutum shi kaɗai, wato kisan kai da kai, ya nuna da alƙaluma cewa ya fi yawa ga gwauraye a kan masu iyali, ya fi yawa ga ƴan Furotesta a kan ƴan Katolika. Dalilinsa: gwargwadon yadda jama'a ta riƙe mutum, gwargwadon yadda yake tsira. Daga nan ki kama kalmar anomi, halin da ake shiga in tsofaffin ƙa'idoji sun saki sababbi ba su kama ba. Da wannan kalma ɗaya za ki iya magana a kan samarin da suka bar gona, makaranta ba ta riƙe su ba, aiki bai samu ba, suka sami gida a fada, wato majalisar hirar samari ta unguwa, ko a cikin ƴan pale, gungun samari masu tada zaune tsaye.

Maks Weba ta wata ƙofar ya shigo. Shi abin da ya dame shi ma'anar da mai aiki ke ba aikinsa, don haka sai ka fahimci mutum kafin ka ƙirga shi. Kuma ya raba iko gida uku, wanda mu mutanen Damagaram ba ma buƙatar zuwa Jamus mu gani. Ki tsaya ƙofar fada a Birni ranar hawan salla: ana faɗuwa gaisuwa ga Sultan saboda gado, saboda haka aka tarar tun kafin zamanin Tanimun. Ki wuce ofishin gwamna: ana bin umarninsa saboda takardar naɗi, ranar da aka canza shi biyayya ta koma kan wanda ya hau kujerar. Da dare ki ji wani malami yana wa'azi, ba gado ba takarda, amma fili ya cika saboda kwarjinin da mutane ke gani Allah ya ba shi. Iko na gargajiya, na doka, na baiwa. In tambaya ta zo a kan mulki, sarauta, ma'aikata ko addini, kina da abin faɗa.

Karl Marks kuwa tambaya ɗaya yake koya maki, ki riƙa yin ta ko'ina: wa ke da abin, wa ke aikin, wa ke kwashe riba? Manomin da ya ci bashin hatsi da damina lokacin da tiya ta yi tsada, ya biya da kaka lokacin da farashi ya faɗi, bai karanta Marks ba amma jikinsa ya gaya masa.

In kin samu sarari ki ƙara na huɗu, Piyer Burdiyo, musamman da yake ke malama ce. Kina gani a ajinki: ɗan ma'aikaci da ke jin Faransanci a gida tun yana rarrafe, da ɗan da ya fara jin sa ranar da aka kawo shi lakwal. Makaranta ta yi masu gwaji ɗaya, ta ce wancan haziƙi ne wannan daƙiƙi. Burdiyo ya kira abin da na farkon ya gada jari, ko da ba kuɗi ba ne. Ibnu Haldun da asabiyyarsa, wato ƙarfin haɗin kan dangi, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ki ajiye shi kamar daddawa, kaɗan a wurin da ya dace. Masu gyara suna son ganin ɗalibin da ya san ba a Turai kaɗai aka yi tunani a kan al'umma ba, amma kada ki gina amsa gaba ɗaya a kansa in ba a tambaye shi ba.

Ga gwajin da za ki yi wa kanki, ni ban san wanda ya fi shi ba. Duk ra'ayin da kika karanta, ki rufe kaye ki bayyana wa surukarki ko maƙwabciya da Hausa, yadda za ta ce “ai wannan mun san shi”. In ya ƙi fitowa da Hausa, ba ki gane shi ba, Faransancinsa kawai kika haddace, kuma hadda takan gudu ranar da aka juya tambaya.

Hanyoyin bincike su ne darasin da ɗalibai suka fi ƙi, su ne kuma suka fi biya. Ƙanana ne, ba sa canzawa, kuma ana iya tambayarsu kai tsaye ko a ɓoye. Bambancin takardar tambayoyi da hira mai zurfi da zama cikin mutane ana lura, yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya don su wakilci saura, yadda ake gina hasashe, yadda ake karanta tebur na alƙaluma ba tare da an ɗora masa abin da bai faɗa ba. Kin yi anketi, wato binciken fili, a shekarar ƙarshe ta lisansi, ko? Ki ciro shi daga akwati ki kakkaɓe. Wahalar da kika sha a fili, matar da ta ƙi magana sai mijinta ya fita, mai unguwar da ya zaɓo maki ƴan'uwansa kaɗai, duk misalai ne da babu wanda zai zo da irinsu a zauren jarrabawa. Mako ɗaya cur ki ba wannan.

Sanin Nijar kuma shafi biyu ne rak, amma ki riƙe su kamar karatun salla. An yi ƙidayar jama'a a 1977, 1988, 2001 da 2012. Ta 2012 ta ba da mutum miliyan 17 da ɗoriya, jihar Damagaram ce kan gaba da sama da miliyan uku da rabi, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƴan ƙasa a karkara suke. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, kuma kashi 76 cikin ɗari na matasan mata an yi masu aure kafin shekara 18. Dokar karkara ta 1993 ita ta kawo kwamitocin filaye da ke shiga tsakanin manoma da makiyaya. Garinmu ne babban birnin mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Ki duba sababbin alƙaluma a wurin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, kuma duk adadin da kika rubuta ki haɗa shi da shekararsa. Adadi marar shekara jita-jita ne, wanda kika ƙirƙira kuwa ya fi rashinsa muni, don mai gyara na iya saninsa. Akwai kuma cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, rahotanninta kyauta suke a intanet. Ki sauke biyu ko uku a waya. A can ne masanin nan Olibiye de Sardan da abokan aikinsa suka yi ta nazarin tazarar da ke tsakanin dokar da ke rubuce da yadda ma'aikata ke aiki a zahiri a asibiti, kotu da makaranta. Mai neman shiga aikin gwamnati ya kamata ya san wannan, ko ba don jarrabawa ba.

Yanzu ki ga yadda geron nan ke tuƙuwa. A ce an tambaye ki dalilan tafiyar mata da yara ci-rani. Wannan “zamantakewar ƙaura” ce, wataƙila kan darasin da ba ki taɓa ba. Amma kin san matan yankin Kance da ke bi ta Agadas zuwa Aljeriya, kin san a watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyaka, akasarinsu mata da yara. Marks zai sa ki tambayi gona: yawan jama'a, filin da gado ya yayyanka har ya kasa ciyar da gida. Durkaim zai sa ki tambayi matsin jama'a: kayan ɗakin ɗiya, gudummawar biki, kunyar ganin maƙwabciya ta dawo ta yi rufin kwano. Weba zai sa ki tambayi matar kanta, me tafiyar take nufi a wurinta, bara ce ko neman rufin asiri. Darasin bincike zai sa ki ce a yi hattara da adadi, don masu bin ɓarauniyar hanya ba sa rajista. Ga disertasiyon mai sassa uku ta tashi, ba ki buɗe babin ƙaura ba.

Sauran kanun, lafiya, aiki, birni, iyali, addini, ilimi, kowanne ki yi masa shafi ɗaya: ma'anoni uku ko huɗu, masani ɗaya, misali ɗaya na gida. Ki fara da waɗanda tsofaffin tambayoyi suka fi taɓawa, da karkara da ci gaba, don ƙasar manoma da makiyaya ce kuma ma'aikata take nema. Tarihin rayuwar masana, da jerin mazhabobin Amurka, ki wuce su da gudu. Ogust Kwant layi biyu ya ishe shi, shi ya raɗa wa fannin suna, shi ke nan. Masanan Jami'ar Shikago kaɗai zan roƙar wa rabin shafi, saboda tun shekarun 1920 suka yi nazarin unguwannin birni da gungun samari, abin da zai yi maki amfani in aka tambayi matasan Damagaram. Kada dai ki bar kan darasi ko ɗaya fari fat. Shafi ɗaya yana hana sifili.

Abu na ƙarshe da nake zargin shi ya kayar da ke bara: sau nawa kika zauna kika rubuta cikakkiyar amsa da agogo a gabanki kafin ranar? In ban yi kuskure ba, ko sau ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace Asabar ki rubuta disertasiyon guda, da bik, cikin adadin awannin da za a ba ku, ba kaye ba waya. A tsakiyar mako kuma ki ɗauki tsohuwar tambaya ki yi mata gabatarwa da plan kaɗai cikin minti talatin. Ki kai wa wani tsohon malaminki ko wata yayarki da ta ci ta duba, ki ce kada ta ji kunyarki. Makon ƙarshe ba a sabon karatu, bitar shafukanki kawai da barci.

Wannan Asabar ɗin ita ce inda maigida zai shigo. Tunda har ya ba da shawara, ya damu ke nan. Ki zauna da shi cikin ladabi ki ce abin da kike buƙata daga gare shi ba tsarin karatu ba ne, safiyar Asabar shida ce: a kai yaro wurin kakarsa, a yi haƙuri da abin da aka samu na rana. Awa biyunki na kullum kuma ki ɗauke su bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, kafin rana ta buɗe. Karatun bayan isha'i ga mai goyon da ta wuni a aji gyangyaɗi ne da littafi a cinya.

Ga tambayar Asabar ta farko, ki juya ta zuwa Faransanci da kanki: “Fadar samari a biranen Nijar, alamar lalacewar tarbiyya ce ko sabuwar hanyar riƙe juna?” Ki fara da fayyace mece ce fada, ki bambanta ta da pale, kada ki yanke hukunci tun a gabatarwa. In kin gama ki aiko mani da plan ɗin in gani. Ki gaida maigida, a shafa mani kan yaro.